Tsutsa Mai Sulke, 'Yar Uwar Tana da Ke Zaune a Teku

A gaɓar Tekun Atlantika ta arewa, a ƙasashe irin su Ingila da Faransa da Norwe, idan ruwa ya janye aka ɗaga dutse, akan tarar da wata 'yar halitta manne a ƙarƙashinsa. Tsawonta bai cika wuce santimita 5 ba, faffaɗa ce, ruwan ƙasa, bayanta kuma a rufe yake ruf da ɓawo 24 a jere biyu, kowane ya ɗan hau kan na bayansa. In an taɓa ta sai ta dunƙule. Wanda bai san ta ba zai rantse ƙwaro ce. Masana dabbobi suna kiranta Lepidonotus squamatus, mu kuma a nan za mu ce mata tsutsa mai sulke. 'Yar uwar tana ce, tanar nan da kaji ke wawa a kanta in an yi huɗa bayan ruwa ya zauna a Sabuwa, kuma 'yar uwar matsattsaku ce, wanda makiyayi ke ɓamɓarewa daga ƙafar saniya a bakin tafki a Faskari.

Magana ce da ke bukatar hujja, domin ido bai yarda da ita ba. Tana sumul take, ba ido, ba ƙafa, ba haƙori. Ita kuwa mai sulke ido huɗu gare ta, da muƙamuƙai masu kaifi, da wasu abubuwa kamar ƙafafu jere a gefenta. Ga kuma halittun da ido ke haɗa su da tana nan take: macijin ciki da ke fita a bayan gidan yara, da kurkunu da ya taɓa kwantar da ƙauyuka ana tsakiyar noma, da tsila, da gwazarmar juji, da tsutsar da ke cin zuciyar masara. Duk cikinsu babu ɗan gidan su tana. Kama da wane ba ta wane, in ji Bahaushe, amma masana sun daɗe ƙwarai kafin su iya raba mai kama da ɗan uwa a cikin tsutsotsi.

A shekarar 1758 Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin ba kowace halitta suna biyu na Latin, ya fitar da bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, wanda daga kansa ake fara lissafin sunayen dabbobi har yau. Ya kasa dabbobi kashi shida, na ƙarshensu shi ne Vermes, inda ya zuba duk abin da ya rasa wurin sa shi. A cikin wannan kaso ya tara tana da matsattsaku da macijin ciki da kurkunu wuri guda, saboda dukansu dogaye ne marasa ƙafa. Mai sulke kuwa, wadda shi ne ya fara raɗa mata suna Aphrodita squamata, sai ya kai ta wani wuri daban, tare da tauraron teku da dodon koɗi marar ƙoƙo. Ya raba 'yan uwa ya haɗa bare ke nan, kuma abin da ya ja masa shi ne dogaro da kamannin waje.

Gyara ya fito daga Faris, daga hannun mutanen da suka ɗauki aska suka feɗe. Georges Cuvier ya lura cewa wasu tsutsotsin suna da hanyoyin jini na sosai, jinin da yawansu ma ja ne, abin da babu shi a jikin macijin ciki. A farkon ƙarni na 19 Jean-Baptiste Lamarck ya tsame waɗannan daga tarkacen Vermes ya ba su sunan da ya zama Annelida, wato masu jiki zobe-zobe. A 1850 Bajamushe Adolph Grube ya kasa su bisa yawan gashi: masu gashi da yawa, Polychaeta, waɗanda galibinsu a teku suke, da masu gashi kaɗan, Oligochaeta, wato su tana. Matsattsaku ya zauna a nasa kason, Hirudinea. Wannan rabo uku shi ne ya shiga littattafan makaranta, shi ne kuma ɗalibin sakandare ke haddacewa in jarrabawar WAEC ko NECO ta gabato.

Abin da ya haɗa su shi ne ginin jiki gaɓa-gaɓa. Zobban da ake gani a jikin tana ba a fata suka tsaya ba. Kowane zobe ɗaki ne a ciki, cike da ruwa, da siririn bango tsakaninsa da na gaba. A kusan kowane ɗaki akwai 'yan bututu masu tace ƙazanta su fitar, da ƙullin jijiyar saƙo, da reshen hanyar jini. Hanji ne ke ratsa ɗakunan duka daga baki zuwa dubura. Babbar igiyar jijiyar saƙo ta ƙasan ciki take bi, saɓanin tamu da ke bi ta gadon baya. Tsokar jiki iri biyu ce, mai zagaye da mai tsawo. In mai zagaye ta matse, tunda ruwa ba ya matsuwa, sai jikin ya miƙe ya sirance. In mai tsawo ta ja, sai ya gajarce ya yi kauri. Tafiyar tana ke nan. Sannan akwai gashi mai tauri da ke fitowa daga fata. Wanda ke musun tana tana da gashi, ya ɗora babba a kan busasshiyar takarda ya kasa kunne zai ji ƙarar jan sa, ko ya shafa cikinta daga wutsiya zuwa kai ya ji kaushi. Macijin ciki ba shi da ɗakuna, ba shi da gashi, tsokarsa kuma mai tsawo ce kaɗai, shi ya sa ba ya iya miƙewa da tsukewa, sai dai ya yi ta lanƙwasa yana bulala. Tsutsar masara kuwa, wadda aka fara ganin ɓarnarta a Najeriya a 2016, jaririyar wani malam-buɗe-littafin dare ce, da ƙafafu shida irin na ƙwari a ƙirjinta. Gwazarma ma jaririyar ƙwaro ce, dangin buzuzu.

Yanzu a ɗora mai sulke ƙarƙashin madubin ƙara girma. Gaɓoɓinta 26 ne. In an ɗaga ɓawo biyun farko sai kai ya bayyana, ɗan ƙarami mai tsaga a tsakiya, da ido huɗu, da tsinkayen ji guda uku a goshi, ɗaya a tsakiya biyu a gefe, da wasu biyu masu kauri daga ƙasa waɗanda take laluben abinci da su. In tana hutawa ba a ganin haƙori ko ɗaya. Makaminta a ciki yake: maƙogwaro ne mai ƙaƙƙarfar tsoka wanda take turowa waje ɗungurungum, yadda ake zazzago aljihun riga, sai muƙamuƙai huɗu su bayyana a bakinsa, biyu sama biyu ƙasa, su cafke abin da ke gabanta, sannan ta janye shi ciki da ganimar. Mafarauciya ce. Tana cin ƙananan dangin jatan lande, da 'yan dodon koɗi, da wasu tsutsotsin. Hanjinta yana da rassa da ke shiga gefe-gefe cikin gaɓoɓi.

A gefen kowace gaɓa akwai tsiron nama, ɗaya dama ɗaya hagu, da ke aikin ƙafa ko da yake ba ƙashi ba gwiwa. Kowane ya rabu biyu, reshen sama da na ƙasa, a cikin kowane reshe akwai tsinke mai tauri da ke tallafe shi, a bakinsa kuma tarin gashi. Na ƙasan su ne masu kauri da 'yar lanƙwasa a kai, da su take dafe dutse. Siffar bakin gashin nan, tsini ɗaya gare shi ko biyu, yana da 'yan ƙayoyi a jere ko babu, tana cikin abubuwan da ake dubawa a raba nau'i da nau'i.

Sai ɓawon, wanda saboda shi aka san dangin. Ba irin na kifi ba ne, ba kuma irin ƙoƙon kunkuru ba. Nama ne mai rai, da jijiyoyin ji a cikinsa, kowane a zaune kan ɗan kututturen da ya tsiro daga bayan gaɓa. Kuma ba kowace gaɓa ke ɗauke da shi ba. Yana kan gaɓa ta 2, da ta 4, da ta 5, da ta 7, daga nan sai a riƙa tsallake ɗaya, 9, 11, 13, har zuwa ta 23. Gaɓoɓin da ba su da ɓawo suna da siririn tsinken ji a madadinsa, wanda ke leƙowa ta gefen sulken. Ganin wannan karɓa-karɓa ya sa masana da yawa suka ɗauka ɓawon da tsinken asalinsu ɗaya ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda wannan lissafi ya tsaya cak bai sauya ba. Tsallen nan na farko, 2, 4, 5, 7, ana samun sa a kusan dukan dangin, daga mazauna bakin gaɓa har mazauna ƙasan teku mai zurfin kilomitoci. Irin wannan alama ita ce mai rarrabe halittu ya fi amincewa da ita, domin launi da girma suna sauyawa da abinci da wurin zama, tsari irin wannan kuwa gadonsa ake yi.

Bayan gaɓa ta 23 ne gidaje ke rabuwa. Gidan Lepidonotus, wanda Baturen Ingila William Leach ya kafa a 1816, a nan yake tsayawa, da ɓawo 12 a kowane gefe. Gidan Harmothoe yana ƙara uku, a gaɓa ta 26 da ta 29 da ta 32, ya zama 15. Akwai dogaye da suka fi haka nesa ba kusa ba. Ana kuma duba inda tsinkayen goshi na gefe suka tsiro: a Lepidonotus daga ƙarshen goshin suke miƙewa, a Harmothoe daga ƙarƙashi. Ko a cikin gida ɗaya, squamatus tana da geza a bakin ɓawonta, 'yar uwarta clava ba ta da ita. Da irin waɗannan ƙananan alamu aka rarrabe nau'i kusan 900 a dangin da ake kira Polynoidae.

Aikin sulken bai tsaya ga kariya ba. Tsakaninsa da fatar baya akwai rata, wasu 'yan gashi da ido ba ya gani suna kaɗa ruwa ya riƙa bi ta ciki, ta fatar ne kuma take shaƙar iskar da ke cikin ruwan. Macen Harmothoe imbricata a wannan rata take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Wasu 'yan gidan Harmothoe kuma, in kifi ko ƙaguwa ta kawo musu hari, sai su tsinke ɓawo su yar, ɓawon ya riƙa walƙiya da koren haske a cikin duhu, maharin ya bi hasken, tsutsar ta sulale. Daga baya wani ɓawon ya tsiro. Masana a Faransa ne suka ware sinadarin da ke ba da hasken suka sa masa suna polynoidin. Wannan hali na zubar da ɓawo yana wahalar da masu tara su, don sau da yawa kafin a kai kwalba ɗakin gwaji sulken ya watse, sai a koma ƙirga kututturen da ya bari.

Zuriyar mai sulke tana da faɗi. A wani dangin na kusa akwai Aphrodita aculeata, wadda Turawa ke kira ɓeran teku, mai tsawon santimita 10 zuwa 20, wadda ɓawonta ke ɓoye ƙarƙashin lulluɓin gashi mai kauri, gashin gefenta kuma yana sauya launi gwargwadon yadda haske ya faɗa masa. A 2001 aka bayyana a mujallar Nature cewa babu rini a gashin ɓeran teku. Wasu 'yan ramuka ne ƙanana ƙwarai, a jere cikin tsari, ke sarrafa hasken, irin tsarin da injiniyoyin sadarwa ke ƙoƙarin ƙerawa. A ruwan Antaktika akwai Eulagisca gigantea mai kai santimita 20 da gashi ruwan zinariya. Da yawa daga dangin Polynoidae kuma 'yan zaman alfarma ne, a jikin tauraron teku ko murjani ko cikin bututun wata tsutsar. Misalin da ya fi ƙayatar da ni daga ƙasan Tekun Fasifik yake. A 1977 jirgin nutso mai suna Alvin ya gano maɓuɓɓugan ruwan zafi a zurfin kusan mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. A 1984 Marian Pettibone, masaniyar gidan tarihi na Smithsonian a Washington wadda ta ƙarar da rayuwarta kan waɗannan tsutsotsi, ta bayyana gidan Branchipolynoe, masu zama cikin kwanson wasu kawa na bakin maɓuɓɓugan. Da yake kwanson mai gida yana kāre su, ɓawonsu ƙanana ne ba sa rufe baya duka. Da yake iska ta yi ƙaranci a ruwan, suna da tarin rassan numfashi a gefe da jan jini mai riƙe iska. Amma a ƙirga inda ɓawon ya zauna, nan ma 2, 4, 5, 7 ne.

To ta ina tana ta shigo wannan zuriya? A duba abin da ba ta da shi, a duba inda take zaune. Ido ba shi da aiki a cikin ƙasa, sai dai fatarta tana jin haske, shi ya sa take nutsewa in an dalle ta da tocila. Ƙafafun nama cikas ne a rami, babu su. Gashin ya ragu zuwa takwas a kowace gaɓa a nau'o'i da yawa, gajeru, na dogarawa a bangon rami. Ba ta farauta, ƙasa da ruɓaɓɓen ganye take haɗiya, ƙundunta ya niƙa su, abin da ya rage ya fito a matsayin kashin tana da ake gani tsibi-tsibi a gindin itatuwa da damina. Charles Darwin ya rubuta littafi guda a 1881 kan yadda wannan aiki ke juya ƙasar noma. Numfashinta ta fata ne, don haka dole fatar ta zauna a jiƙe. In ƙasa ta bushe sai ta nutsa can ciki, ta naɗe jikinta a ɗan kogo, ta daina ci har ruwa ya sauka. Abin da ya sa ke nan a gonar tudu ta Ƙanƙara ba a ganin ta daga kaka har bazara, alhali mai noman rani a fadama yana tono ta ana tsananin zafi.

Babban bambancin a wajen haihuwa yake. Mai sulke akwai mace akwai namiji. Galibi cikin ruwa suke zuba iri, abin da ya ƙyanƙyashe kuma ɗan mitsitsi ne mai zoben gashi a tsakiya, yana shawagi a ruwa kafin ya sauka ƙasa ya soma yin gaɓoɓi. A tudu wannan ba zai yiwu ba. Kowace tana mace ce kuma namiji ce. Biyu ke haɗuwa su yi musayar iri, sannan kumburin nan da ake gani kusa da kan babbar tana, wanda za mu kira ɗamara, ya fitar da ɗan kwanso, ƙwai su shiga ciki, a bar shi a ƙasa, 'ya'ya su fito da kamar iyayensu. Matsattsaku ma haka yake haihuwa, da irin wannan ɗamara, kuma a kan haka Wilhelm Michaelsen na Hamburg ya haɗa su biyun ƙarƙashin suna ɗaya, Clitellata, a 1919.

Matsattsaku ya fi kowa nisa da siffar gidan. Gashin ya tafi, bangayen ciki sun shafe, yawan gaɓoɓinsa kuma a ƙayyade yake, 34 a lissafin da aka fi bi, duk da cewa zobban fatarsa sun ninka haka. Yana da mamatsa biyu, gaba da baya. Masu shan jini irin wanda likitocin Turai suka yi amfani da shi suna da muƙamuƙai uku masu 'yan haƙora, da miyau mai hana jini daskarewa, dalilin da ya sa wurin da ya ciza ke daɗewa yana zuba bayan ya saki. John Haycraft ya gano wannan sinadari a 1884, kuma a 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a riƙa amfani da matsattsaku wajen janye jinin da ya taru bayan an ɗinke yatsa ko kunnen da ya guntule. Ba duka ke shan jini ba. Daga cikin nau'i kusan 700 akwai masu haɗiye ƙananan halittun ruwa.

Rabon nan uku na littafin makaranta ya girgiza da masu binciken ƙwayoyin gado suka shigo. A 2011 Torsten Struck da abokan aikinsa suka wallafa a Nature sakamakon kwatanta ƙwayoyin gado masu yawa na tsutsotsi masu zobba. Ya nuna yawancinsu sun kasu manyan rassa biyu: masu yawo, Errantia, inda mai sulke take, da masu zama a rami ko bututu, Sedentaria. Tana da matsattsaku a cikin na biyun suka faɗo, ƙaramin reshe ne da ya bar ruwan gishiri ya shiga rafi da ƙasa. Wato akwai tsutsotsin teku da suka fi kusa da tanar Sabuwa a dangantaka fiye da kusancinsu da mai sulken da suke kwana ƙarƙashin dutse ɗaya da ita. Polychaeta yanzu sunan sauƙaƙa magana ne kawai. Kafin wannan, a 1995 da 1997, irin wannan bincike ya warware wani tsohon ƙulli na Cuvier, wanda ya haɗa masu zobba da ƙwari saboda duk jikinsu gaɓa-gaɓa ne. An gano ƙadandoniya da shanshani da fara da kunama suna babban reshe ɗaya da macijin ciki da kurkunu, reshen masu yin saɓa, tana kuwa ta fi kusa da dodon koɗi. A ganina malamin ajin kimiyya ya ci gaba da koyar da rabon ukun tunda shi jarrabawa ke tambaya, amma ya gaya wa ɗalibai cewa an sake duba shi, ya gaya musu da wace hujja. Ɗalibin da ya ji yadda aka gyara Linnaeus da Cuvier ya fi wanda ya haddace jeri fahimtar yadda ilmin ke tafiya.

Wani zai ce duk wannan hirar masana ce, ba ta sa tuwo a kwano. Kurkunu ya isa amsa. Sai da aka san ainihin halittar da hanyar rayuwarta, cewa 'ya'yanta a jikin wasu 'yan ƙwarin ruwa suke ɓuya a tafki, sannan tace ruwan sha da ƙyalle da hana mai ciwo shiga tafki suka zama makami. Ƙidayar da aka yi a Najeriya a 1988 zuwa 1989 ta sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu. Da aikin Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon da dubban 'yan sa-kai na ƙauyuka, an ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da shi daga ƙasar a 2013. Manomin da ya san tana ba dangin tsutsar masara ba ce, ba kuma tushen shuka take ci ba, ba zai so maganin da yake fesa wa ɗaya ya hallaka ɗayar ba.

Akwai mutum ɗaya da sunansa ya haɗa tekun da ƙasarmu. Hjalmar Kinberg likita ne kuma masanin dabbobi a jirgin ruwan Suwidin mai suna Eugenie, wanda ya zagaya duniya daga 1851 zuwa 1853. Shi ne ya kafa dangin Polynoidae a 1856 daga abin da ya tara a tafiyar. Shi ne kuma, a 1867, ya bayyana wata tana da aka samo a tsibirin Saint Helena ya sa mata sunan jirgin. Ita ce Eudrilus eugeniae, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, yau kuma ana kiwon ta a Indiya da Birazil da Filifin domin mai da shara taki da ciyar da kifi. Danginta, Eudrilidae, 'yan Afirka ne. Game da gaɓar tekunmu, wadda Kogin Sakkwato da ya faro daga wajen Funtuwa ke aika wa ruwa ta hanyar Kwara, Hermann Augener ya wallafa babban aiki kan tsutsotsin tekun Afirka ta Yamma a 1918, kuma tun 1975 Najeriya tana da cibiyar binciken teku, NIOMR, a Legas.

Sunayen tanar Najeriya da suka fi shahara daga kudu suka fito. Frank Beddard ya bayyana Hyperiodrilus africanus da Libyodrilus violaceus a 1891, daga baya 'yan ƙasa irin su A. O. Segun da S. O. Owa suka ƙara sababbin nau'o'i. Kudancin Katsina ya cancanci irin wannan kulawa. Yanki ne mai samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, mai fadamu da madatsar ruwa irin ta Mairuwa, inda ake kwashe karan masara da na dawa daga gona bayan girbi a kuma dogara da takin zamani, alhali ganye da karan da suka ruɓe su ne abincin tana. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyarta ta binciken noma a Samaru, duk ba su da nisa. Gaskiya ne rashin tsaron da ya addabi ƙananan hukumomin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, wanda ya kai ga sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, ya sa shiga daji neman samfuri ba abin wasa ba ne. Sai dai tana ba ta bukatar a je mata daji. Tana nan a lambun makaranta, da gindin rijiya, da bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya.

Abin da aikin ke bukata shi ne babbar tana mai ɗamara, don ƙarama ba ta nuna alamun da ake rarrabewa da su. A haƙo ta a watan Agusta, a sanyaya jikinta a sinadarin alkohol da aka sirka da ruwa don kada ta tsuke, a adana ta a mai ƙarfi, a rubuta wurin da irin ƙasar da ranar. Daga nan sai ƙirge, kamar yadda ake yi wa mai sulke: a gaɓa ta nawa ɗamara ta fara, a ta nawa ƙofofin iri suke. Zanen da ke cikin littattafai da yawa na tanar Turai ne, Lumbricus terrestris, wadda ƙofar namijinta ke gaɓa ta 15, ɗamararta kuma ba ta farawa sai a gaɓa ta 32. A Eudrilus eugeniae ɗamarar tun daga wajen gaɓa ta 14 take farawa, ƙofar namijin kuma tana wajen ta 17, don haka ɗalibin da ya haƙo irinta ya bi zanen littafin zai nemi alamun a inda babu su.